Mai shayi ne ke son zaga garuruwa ya ci abin da ake cusa wa burodi: ta ina zan fara?

Maishayin Kurna:

Assalamu alaikum, jama'a. Ni mai shayi ne. Shekara 11 ke nan ina kafa tebur a Kurna, bakin titin Katsina, daga an sallame Asuba zuwa hantsi, in koma in ɗan runtsa, in sake fitowa bayan Magariba sai sha biyun dare. A hannun kawuna na koya, shi kuma a Legas ya yi zamaninsa. Abin da ya bar mini shi nake yi har gobe: in fasa ƙwai biyu ko uku, in yanka albasa da attaruhu, in soya, in tsaga burodi in shimfiɗa a ciki, in mayar kan kasko in danne da bayan cokali har ya sha mai ya yi ja. Mai nauyin aljihu a ƙara masa sardin ko a shafa masa bama. 'Yan makaranta suna ce masa sanwic, direbobi kuwa "haɗa min" kawai suke cewa, na san abin da suke nufi.

Wanda ya hana ni sukuni wani Buzu ne mai gadi a layinmu. Watan jiya ya dawo daga ganin gida, ya zo teburina da nasa burodin a naɗe cikin takarda, dogo kamar sandar makiyayi, kwanansa biyu a hanya daga Damagaram, ya bushe ƙamas. Ya ce in soya masa ƙwai in sa a ciki in ɗan gasa. Na ce ga sabon burodi na yau, me zai yi da wannan icen? Ya yi dariya, ya ce namu ba burodi ba ne, katifa ce aka zuba wa sukari. Na ji haushi. Amma da ya gutsuro mini na kai baki, sai na yi shiru. Ƙwan nawa ne, man nawa ne, hannuna ne ya soya, amma ɗanɗanon ba nawa ba ne. Bayan yana ƙaras-ƙaras, cikin babu zaƙi ko kaɗan, sai ga albasa da attaruhu sun fito fili. Ashe duk shekarun nan zaƙin burodin da nake sara ne yake danne mini aiki.

Tun ranar duk baƙon da ya zauna a bencina sai na tambaye shi me ake cusa wa burodi a garinsu. Na ji labarai har sun ishe ni, to gani ya kori ji. Na shiga adashi, ɗaukata za ta zo bayan ƙaramar Sallah, ƙanena ya yarda zai riƙe mini tebur mako biyu.

Don Allah waɗanda suka yi yawo, ku ba ni shawara: wane gari, wane lokaci, me zan ce a ba ni? Ban da shawarma, wannan a Zoo Road ma sai ka ture ta da ƙafa. Ban da otal mai kujerun alfarma. Na bakin titi nake so, na tasha, na ƙofar gida. Uwargida ta riga ta yanke hukunci, ta ce kwaɗayi ne aka sa wa hula aka kira shi neman ilimi, don haka ba sai kun maimaita mini ba.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara 30 da ɗoriya na yi a kan titi, na ja J5, na ja bas, sai da gwiwa ta ce ta gaji na ajiye. Kafin ka je canjin kuɗi bari in tambaye ka: ka taɓa zuwa Jakara da sassafe? Ba gurasar da ake kawo maka a leda ta kwana ta yi sanyi nake nufi ba. Ka je ka tsaya inda mata ke manna ƙullun a jikin tanderu mai zafi, su ɓamɓaro ta tana tururi, gefe guda ya ɗan ƙone. Kana zaune a garin gurasa kana shirin tafiya wata ƙasa neman burodin da ba sukari, kunya ma ba ka ji ba.

Sunanta ma daga Larabci ya zo, kamar alkubus, kuma ba abin mamaki ba ne a birnin da Larabawan Tarabulus suka zauna suna fatauci. Da garin alkama ake yin ta kafin fulawar kamfani ta cika kasuwa. Ka ce a yi maka bandashe: a ɗan tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Ko ka ɗauke ta gayanta ka kai wa mai tsire ya zare maka tsinke uku a ciki ka naɗe. In wannan ba shi ne abin da 'yan makarantarka ke kira da sunan Turawa ba, to ban san mene ne ba.

Yanzu bari in tona mana asiri, tunda na yi ritaya. Inda direba ya tsaya da fasinja ya ce a sauka a ci abinci, sau da yawa ba don daɗin girkin ya tsaya ba. Shi kyauta ake zuba masa, da nama biyu, wani wurin har da ɗan abin goro, don ya kawo mutum 18 masu yunwa. Na ci irin wannan kwanon ba adadi, Allah ya yafe mana. Kai dai in an tsaya ka sa ido ka ga inda yaran mota da 'yan dako suka nufa. Su da kuɗinsu suke saye, kuma gobe ma nan za su dawo, mai abincin ba ta isa ta cuce su ba.

Sai lokaci. Wannan shi ne abin da baƙo ba ya sani, ya ci abu a lokacin da ba nasa ba ya koma gida yana zagin gari. Masa da ƙosai na safe ne. Tsire daga la'asar, sahun farko da aka kafa a bakin wuta. Balangu kuwa ka nemi garin da ke cin kasuwar dabbobi a ranar kasuwarsa, Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, nan ne za ka san yankan ranar kake ci. Ni da na karya wannan doka na ɗanɗana kuɗata. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, na sayi balangun da aka yi ta ɗumamawa tun rana, yaji ya rufe masa asiri. Sau huɗu ina faka mota ina ruga daji da buta, wata tsohuwa a kujerar baya tana ta tambaya ko direban aljanu gare shi.

Da adashin naka mai kauri ne da na ce ka leƙa Kamaru. Daga Ngaundere ka hau jirgin ƙasa na dare ka wayi gari a Yawunde, ka nemi unguwar Birkitari inda 'yan uwanmu suke, su can soya suke ce wa tsire, da dogon burodi ake haɗa maka. Masu shayinsu har taliya suke kaɗawa cikin ƙwai su soya su cusa a burodi. Na farko na raina, na biyu na ce a ƙara. Amma mako biyu da kuɗin adashi ba za su kai ka can su dawo da kai ba.

Ƴar Maradi:

Salamu alaikum. Malam mai shayi, Buzun nan gaskiya ya gaya maka, sai dai ya cuce ka da ya ba ka na kwana biyu. Burodin wanga namu ranarshi guda ce. Gadon Faransa ne, gari da ruwa da gishiri da yis, ba sukari ba bota. In ya hito daga wuta da asuba kana matsa shi yana ƙara, in rana ta yi tsaka ya koma kamar roba, in ya kwana sai dai a jiƙa shi cikin shayi ko romo. Don haka in ka zo Maradi kada ka yi barcin baƙunta, ka hito tun da sahe lokacin da masu babur ke rarraba shi.

Abin da munka tashi da shi ƙofar lakwal, wato makaranta, shi ne burodi da wake. A yanka maka rabi, a tsage, a zuba waken da anka dahwa har ya yi luguɓ, a sa mai da yaji da albasa. Kada ka raina shi don ba nama, shi ke riƙe ɗan makaranta har azahar. Akwai masu sa niƙaƙƙen nama da anka soya da albasa, akwai na ƙwai irin naka, akwai na tsire da dare. Kuma ka tuna Maradi garin gyaɗa ce, man da za a zuba maka da ƙulin da ke cikin yajin ba daga nesa sunka zo ba.

Abin da zai ruɗe ka kuɗɗi ne. Mu da dala muke lissahi, dala guda sefa 5 ce. In mai burodi ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nuhi. Dala ɗari, 500. Jikka guda, 1000. Na sha ganin ƴan Najeriya sun ji "ashirin" sun miƙa abin da bai kai ba, a yi ta gardama kamar za a daku, alhali duk Hausa ɗaya ake yi.

Hanya kuwa ba wuya: Katsina, Jibiya, Magama, Ɗan Isa, sai Maradi. In ka ƙoshi da mu ka bi babbar hanya ta yamma. Ka sauka Madawa don kilishi, ka ɗanɗana ja da hwari duka kahin ka saya, kada ka yarda a ba ka wanda ke naɗe tun tuni. Gaba kaɗan Galmi, garin jar albasar da ake lodi har Abidjan da Akra. Kai da albasa ce rabin sana'arka, ka sayi ko tiya guda ka soya ƙwai da ita ka ji. In ka ga masu cuku daga wajen Tawa, ka saya, busasshe ne sirit kamar takarda, da shayi ake cin shi, wannan ma wani darasi ne ga mai tebur. Daga Konni Illela na kusa, ka ɓulla Sakkwato.

Sai dai Baba direba zai hi ni sanin halin hanya yanzu. An ruhe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai cikin 2024 anka buɗe, kuma abubuwa na canzawa. Ka riƙe katin shaidarka da katin rigakahi, ka tambayi direbobin tasha kahin ka hau, ban da tahiyar dare.

Maishayin Kurna:

Baba direba, na karɓi faɗa, wallahi ban taɓa zuwa Jakara da safe ba, lokacin ina kan tebur. Hajiya ta Maradi, na gode, na rubuta lissafin dalar a bayan littafin bashi. Wato ni da nake bin mutane bashin shayi, da na je can da ni za a kama da cin bashi.

Uwar Masa:

Kowa ya tashi burodi, burodi, kamar ba mu da abin da ake tsagawa a cusa wa nama tun kafin a kawo fulawa. Ƙanena, ka hau motar Bauchi, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, ka kwana, da safe ka ce a kai ka wajen Wunti. Kuma don Allah in ka je kada ka ce waina. Na zauna Kano shekara 6 da aure, na ci wainarku, ba laifi, amma ba ita ba ce. Tamu shinkafar tuwo ake jiƙawa a niƙa, a dafa wani kaso a haɗa, ƙullun ya kwana ya tashi da kansa har ya ɗan yi tsami, sannan a soya a tanda da wuta marar gaggawa. Bayan ya yi zinariya, cikin fari tas kamar auduga, in ka matsa ta sai ta dawo.

Da miyar taushe aka fi ci, yara kuma da sukari ko zuma. Amma abin da ya dace da tambayarka: ka sayi biyar masu zafi, ka tsaga kowace ta gefe, ka cusa tsire ko balangu, ka barbaɗa yajin ƙuli. Ɗan tsamin nan shi ke yanke maiƙon naman. Burodinka mai sukari ba zai iya wannan aikin ba, na Nijar ɗin ma ban yarda ba sai na gani.

Ɗan Zongo:

Gaisuwa daga Nima, Akra. Yaya mai shayi, na san ba za ka iso mu a wannan karon ba, amma ka sa a ranka, domin in ka zo za ka yi dariya. Abincin da duk Gana ke layi a kansa da safe sunayenmu ne a jikinsa. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, kowa da kowa "Hausa koko" yake ce masa, da ƙosai ake sha, kuma da yawa tsaga burodi suke yi su jera ƙosan a ciki su matse. Wannan kam ba sai ka yi tafiya ba, gobe ma za ka iya gwadawa a teburinka. Burodinmu iri-iri ne, akwai na sukari, akwai na bota, akwai wanda ake kira na shayi, shi ne marar zaƙi sosai, shi ya fi karɓar ƙosai.

Sai waakye, wato wake ne bakin mutanen nan ya lanƙwasa. Shinkafa da wake ne kamar garau-garau ɗinku, amma da karan dafi ake dafawa ya yi ja, a sa shito, baƙin yajin nan mai kifi, da garin rogo, da ganda, da dafaffen ƙwai, da taliya. Ita ma taliyar haka suke kiranta, ko wanda bai iya "sannu" ba. Tsire kuma cicinga. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga da Kumasi su suka zo da galibin wannan, ga shi jikokin masu masaukinsu na ci suna cewa nasu ne. Mu ma ba mu musa ba, tunda suna biya.

Tsohon Ɗalibin Khartum:

Malam, zancen gurasa da Baba ya yi ne ya taɓo ni. A Sudan ma akwai gurasa, da wannan sunan, sai dai tasu faffaɗa ce mai laushi, a kan kasko ake yi, a kwarara mata miyar nama a ci da hannu, abincin mutanen arewacin ƙasar ne. Ranar da na fara jin sunan a bakin Basudane na ɗauka tsokanata yake yi.

Mu ɗalibai abin da ya raya mu ful ne, manyan waken nan da ake kwana ana dafawa a tulun ƙarfe mai ƙaramin baki. A murƙushe, a zuba man riɗi, a marmasa farin cuku, a cusa a ɗan burodi mai faɗi, in da hali a ƙara ɗa'amiyya, wadda ƙosai ce ta wani irin wake. In wata ya yi nisa kuwa sai bosh: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a jiƙa da ruwan waken, a ɗan sa mai da albasa, mutum biyar su zagaye. Da yamma kuma a fita cin agashe. Ka sake karanta sunan a hankali. Tsirenmu ne, da ƙulinsa, Hausawan da suka zauna a can kan hanyar Makka suka kai shi. Wasu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903 suke can, garin Mai Wurno na bakin kogi kusa da Sinnar shaida ne.

Ba zan ce ka je ba. Tun Afrilun 2023 yaƙi ya ɗaiɗaita Khartum, mu ma ta mota aka kwaso ɗalibanmu zuwa iyakar Masar. Mai ful ɗin da ke ba mu bashi har ƙarshen wata kullum yana raina. Allah ya kawo musu sauƙi. Amma man riɗi akwai shi a kasuwar Kano, in za ka gwada waken da Hajiya ta faɗa, ka ɗiga masa kaɗan.

Maishayin Kurna:

Amin, Malam. Jama'a na gode, Allah ya saka. Ga rahoto.

Shekaranjiya na bar wa ƙanena tebur na tafi Jakara. Na makara, na tarar an kwashe sahun farko. Jiya na koma tun duhu bai gama washewa ba. Wata dattijuwa ta ga na tsaya ina leƙen tanderu kamar maraya, ta tambaye ni daga wane gari. Da na ce Kurna sai da ta ajiye abin da ke hannunta don dariya. Ta miƙo mini ɗaya da zafinta, ina jujjuya ta daga hannu zuwa hannu. Baba, ka yi gaskiya, ban taɓa cin gurasa ba sai jiya.

Na sayo 20 na kawo tebur, na soya ƙwai na naɗe a ciki maimakon burodi. Direbobi sun rabu biyu. Wani tsohon kwastoma, shekara 8 yana zama a bencina, ya ci loma ɗaya ya ture, ya ce in dawo masa da katifarsa, shi bai zo gwaji ba. Wasu uku sun ce a ƙara. Buzun ya cinye biyu bai ce uffan ba, da zai tashi ya ce an fara hankali. Ƙosai a burodi kuwa na gwada yau da safe, Ɗan Zongo, sai dai mai ƙosan layinmu ta fara yi mini wani kallo, tana ganin zan shiga mata sana'a. Na ce mata a wajenta zan riƙa sara, ta ce za ta yi shawara.

Na tsara haka: Bauchi kwana biyu, don kada Hajiya Uwar Masa ta yi fushi, kuma na yi alkawari kalmar waina ba za ta fito daga bakina ba. In dawo Kano in kwana, sai Maradi, Madawa, Galmi, Konni. Komowa ta Sakkwato ko in juyo ta inda na bi, sai abin da direbobi suka ce game da hanya. Gana sai wani adashin.

Saura abu biyu. Sefa a Wapa zan canza kafin in tashi, ko a bakin iyaka ya fi sauƙi? Sannan Hajiya ta Maradi, masu gidan burodin nan naku suna barin baƙo ya shiga ya ga yadda ake kwaɓi da gashi, ko sai da ɗan gari? Akwai mai gidan burodin da nake sara a wajensa, ya ce in na kawo masa awon gari da gishiri da tsawon lokacin da ƙullun ke tashi, zai gasa mini 30 na gwaji ranar da ba shi da oda da yawa.